Muryar Inna a Ƙarshen Kaset

Jiwa, Abuja.

Zuwa ga ɗana Abba,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, ya sa ka isa Nyanya lafiya, ka sauke kayanka lafiya, ya tsare ka a ɗakin da ka kama da shagon da za ka buɗe. Ummanka ta riga ta yi maka nata faɗan a bakin ƙofa, ta haɗa da dambun nama a leda. Ni nawa na sa shi a takarda, na cusa a akwatin kayan aikinka, ƙarƙashin filaya, don na san nan ne hannunka ba zai kwana biyu bai je ba.

Ba mu saba da wasiƙa ba, ni da kai. Sunan mahaifina gare ka, shi ya sa tun kana zanen goyo ban taɓa kiranka ba sai da Abba, kuma akwai maganganun da bakina ke yin nauyi in kana zaune a gabana. Shekara da shekaru ina tsayawa gaban 'ya'yan mutane da alli a hannu, ina zuba bayani har a buga ƙararrawa ban gaji ba, amma kai da na fi so in yi wa bayani, kullum sai in tsaya a kan "ya aikin?"

Ga abin da ya sa na ɗauki biro. Ranar Juma'ar nan, muna cin abinci bayan an sauko daga masallaci, Ummanka ta ce ka miƙo mata yaji. Sau biyu ta faɗa. A na uku ka ɗago, ka ce "na'am?", ka sa yatsa a kunne ka girgiza, ka yi dariya ka ce, "Wata mota muka haɗa jiya, kunnena ne ke ɗan kuka. Zuwa gobe zai daina." Kowa ya ci gaba da cin abincinsa. Ni kuwa na tsaya ina kallonka, domin maganar nan tawa ce. Na yi ta kamar yadda ka yi ta, ina da shekaru kamar naka. Nawa ma yakan daina zuwa gobe. Haka ya yi ta dainawa, har ranar da bai daina ba.

To kunnenka nake so mu yi magana a kai. Haɗa rediyo da sifiku a mota sana'a ce mai kyau, ni na fara sa maka sonta, ba kuwa zan ce ka bari ba. Kurakuraina zan zayyana maka yadda suka faru, ka ɗauki abin ɗauka.

Lokacin da aka turo ni Abuja koyar da kimiyya, garin bai cika haka ba. In an tashi makaranta, da kuma ranar Asabar, nakan wuce Jabi, wata rumfa kusa da tasha, ta Oga Bitrus, mutumin Filato mai gyaran wutar mota. Shi ya koya mini riƙon waya da narka dalma, ni kuma nake yi masa lissafi. Har yanzu in na rufe ido nakan ga rumfar nan: kwanon da ya yi tsatsa, ƙamshin dalma, masarar da wata mata ke gasawa a gefe. In mun tashi mukan gangara bakin tafki mu zauna, ruwan ya yi lumui kamar an shimfiɗa shuɗin yadi, tsuntsaye na ta ƙananan kuka a cikin ciyawa. Ina jin su a lokacin. Ban san abin godiya ba ne.

Wata Asabar Alhaji Sale ya kawo motarsa. Bakano ne mai shagon yadi, mutum mai fara'a da son a san ya iso. Amfilifayar da ke motar, na'urar ƙara wa sauti ƙarfi, mai wat hamsin ce. Ya daki sitiyari ya ce, "Malam, so nake ƙarar nan ta ninka biyu. In na shigo layinmu, kada a tambaya wane ne."

Na ce, "Abu mai sauƙi, Alhaji. A cire mai hamsin a sa mai ɗari."

Abba, ni ne fa mai koyar da wannan darasi. A makon nan ma na rubuta shi a allo. Amma ashe abin da ka rubuta a allo daban, abin da ka yarda da shi daban. Da na ga mutum a gabana yana son biyu, sai kaina ya ce hamsin biyu ɗari, ya manta da duk abin da ya sani.

Muka wuni muna aiki. Da la'asar Alhaji ya dawo, ya zauna, ya rufe ƙofa, ya lumshe ido, ya murɗa. Ya saurara. Ya sake murɗawa. Sai ya buɗe ido ɗaya ya ce, "Malam, ko dai tsohuwar ka mayar mini?"

Oga Bitrus yana ƙarƙashin wata mota, ƙafafunsa kawai ake gani, amma na ji dariyarsa. Ya ce, "Ticha, ba shi lissafi mana. Ba kai ne mai lissafi ba?"

Ga lissafin da ya kamata in ba shi tun da safe. Ma'aunin ƙara, wanda ake kira desibel, ba kamar mudu yake ba, da za ka ce mudu biyu ya ninka mudu ɗaya. In ka ninka ƙarfin amfilifaya sau biyu, desibel uku kacal ka samu. Desibel uku kuwa a kunnen mutum ɗan ƙari ne, irin wanda za ka ce "e, kamar ya ɗan ɗaga." Kafin yawancin mutane su ce ƙara ta ninka biyu, sai an hau wajen desibel goma, kuma desibel goma na nufin ninka ƙarfin sau goma. Wato abin da Alhaji ke nema ba wat ɗari ba ne, ɗari biyar ne, da sifikun da za su iya ɗauka. Da ninki huɗu ya nema, sai dubu biyar.

Sai da muka dawo Jiwa na sami misalin da nake ba ɗalibai. Ka tuna in ana shirin suna a gidan maƙwabta, mata na daka a bayan katangarmu? Mace ɗaya ta fara, kana jin taɓarya, dum, dum. Ta biyu ta shigo da nata turmin. Aikin ya ninka, hatsin da ake dakawa ya ninka, gumin ya ninka, amma kai da ke zaune a tsakar gida ba za ka ce ƙarar ta ninka ba. Sai turame sun kai wajen goma sannan za ka ce yau kam an cika gida. Haka Allah ya yi kunne, don ya iya ɗaukar motsin ganye ya kuma iya ɗaukar tsawa. Nakan zauna in yi ta mamakin wannan hikima.

Amma ranar nan a Jabi ban ce wa Alhaji na yi kuskure ba. Kunya ta hana ni. Sai na zagaya but ɗin bayan motar, na sa sukundireba a ɗan sukurun nan na jikin amfilifaya, na murɗa shi ya wuce iyakarsa, har sautin ya fara tsagewa. Ka san sautin da ya tsage yakan yi wa kunne kamar ya fi ƙarfi, saboda yana suka. Alhaji ya washe baki ya ce, "Yauwa! Yanzu na ji magana." Ko mako ba a yi ba ya dawo, sifikun baya sun ƙone a hanyar Kaduna, motar na warin robar da ta babbake. Bai yi faɗa ba. Ya dube ni kawai ya ce, "Malam, kai fa malami ne." Da ma zagina ya yi.

Don haka, duk wanda ya zo maka da maganar ninki biyu, ka zaunar da shi kafin ka taɓa sukundireba. Ka ba shi labarin turame. Wani zai ji haushi ya tafi shagon gaba, inda za a ce masa abu mai sauƙi ne. Bar shi ya tafi. Kuma kada ka taɓa rufe kuskurenka da tsagaggen sauti. Kuskuren farko na rashin tunani ne, na biyun kuwa ha'inci ne, kuma shi ne ya fi daɗewa yana damuna.

Wannan lissafi yana da wata fuskar, ita ce ta cuce ni. Na ce maka desibel uku ɗan ƙari ne a wurin ji. To a wurin lahani ba ɗan ƙari ba ne, ninki biyu ne cur. Masu kula da lafiyar ma'aikata sun sa iyaka: a desibel tamanin da biyar, mutum zai iya yin awa takwas. Da an hau tamanin da takwas, sai awa huɗu. Casa'in da ɗaya, awa biyu. Kafin a kai ɗari, abin da ya rage kwata ɗaya ce ta awa. Kai ka fi ni sanin cewa motar da aka sa wa wufa, babbar sifikar nan mai kaurin sauti, aka rufe gilasai tana wuce ɗari ba tare da ta yi nishi ba. Ka ga inda matsalar take: abin da kunnenka zai ce maka "ninki biyu ne kawai," nauyin da ya sauka a kansa ninki goma ne. Kunne ba ya kai ƙara da wuri. Yana da kawaici, kamar Ummanka.

Ni kuwa yadda nake saiti a lokacin, kai nake zurawa cikin but, kunnen hagu dab da sifika, hannu na kan sukuru, ina neman inda sauti zai fara tsagewa. Haka kowa ke yi a layin, haka ma na ga kana yi ranar da na leƙo wurin ogan da ya koya maka. Sai Oga Bitrus kaɗai. Shi kullum da auduga a aljihun gaba. Kafin a kunna sai ya murza ya toshe kunnuwa, ya ja da baya taku biyar ya riƙe ƙugu. Muna yi masa tsiya, muna cewa tsoho ya ji tsoron kiɗa. Sai ya ce, "Ticha, yi dariyanka. Mota tana da safaya. Kunne ba ta da safaya."

Bara na kai masa ziyara. Ya girme ni nesa ba kusa ba, haƙora sun zube, amma muna zaune a waje jikarsa ta yi magana ƙasa-ƙasa daga cikin ɗaki, ya amsa mata. Ni ban ma san an yi magana ba, sai da na ga ya juya.

Ka sayi abin toshe kunne na gaske, irin na soso ko na roba, don auduga ba ta kai su ba. Ka sa su a akwatin nan kusa da filaya. Ka sa manhajar auna ƙara a wayarka. Ba ta cika daidai ba, amma ta fi zato, kuma ba ta gajiya. In za ka nemi iyakar amfilifaya, na'urar awo ce aikinta, ba kunnenka ba. Abokan aiki za su yi maka dariya kamar yadda muka yi wa Oga Bitrus. Ka taya su.

Yanzu bari in kai ka Nyanya, inda za ka zauna. Can muka fara zama da Ummanka, a ɗaki ciki da falo, can aka haife ka. Ina da wata tsohuwar mota marar na'urar sanyi, amma rediyonta babu irinsa a unguwar, don da hannuna na haɗa shi. In na fito daga makaranta, lambar murya tana kan sha biyu, daidai wa daida. Sai a shiga hanya. Ka san hanyar: tireloli na huci, hon ta ko'ina, kwandastoci na rataye a ƙofa suna kiran fasinja, gilashi a sauke saboda zafi. Sai in daɗa biyu. A yi gaba kaɗan, in ji kamar waƙar ta nutse, in daɗa biyu. Ban taɓa jin na daɗa da yawa ba. Ko da yaushe ɗan kaɗan ne. In isa gida in kashe mota in shiga.

Wata safiya za mu kai ka rigakafi. Ummanka ta zauna a gaba, kana kan cinyarta kana barci, ɗan bakinka a buɗe. Garin ya yi shiru, an yi ruwa da asuba, ƙasa na ƙamshi. Na murɗa makulli. Abba, kamar an fasa dutse a cikin motar. Ka zabura, hannayenka biyu suka watsu, ka tsanyara kukan da ban taɓa jin ka yi ba. Na kai wa rediyon duka na kashe, na ce, "Wa ya taɓa mini rediyo?"

Ummanka tana jijjiga ka, ko kallona ba ta yi ba, ta ce, "Wa zai taɓa? Mota a kulle, makulli a aljihunka. Yadda ka bar shi jiya ne."

Na ce, "Ba zai yiwu ba. Jiya daidai yake."

Ta ce, "To sai dai in aljanun Nyanya ne suka yi biki a ciki."

Na duba. Ashirin da shida. Jiya da yamma wannan lambar ce nake ji daidai, har ina bin waƙar. Rediyon bai canza ba, kunnen ne ya canza. In ƙara ta daɗe tana dukan kunne, sai ya dushe na ɗan lokaci, ya riƙa kawo maka rahoton ƙarya. Da ya kwana ya huta, sai ya dawo yana faɗin gaskiya. Kunnen safe shi ne mai gaskiya, na yamma gajiyayye ne. Kuma ka lura, duk motocin da na saita wa mutane a Jabi, da kunnen yamma na saita su, bayan hayaniyar aji da ta tasha. Allah kaɗai ya san motoci nawa na sallama suna kururuwa ina ce musu daidai.

Ga abin da nake so ka riƙe. Saitin ƙarshe da safe ake yinsa, kafin a kunna komai a shago. In aiki ya kai ka yamma, ka ce wa mai mota ya dawo gobe da wuri. A motarka kuma, in Allah ya ba ka, lambar da ta yi maka daidai da safe ita ce iyakarka, ko da yamma ta ce maka ba ta isa ba. Sannan ka gane cewa yawancin masu zuwa neman ƙarin ƙarfi ba ƙarfi ne ya yi musu kaɗan ba, hayaniyar hanya ce ta yi musu yawa. Ka liƙa wa ƙofofin abin da zai hana su karkarwa, ka gyara robar gilashi, ka juya ƙananan sifikun su fuskanci mai sauraro. Abin da ka rage na hayaniya, riba ce da ka samu ba tare da ka ɗora wa kunnen kowa nauyi ba. In kuma mutum ya ce ba ya jin dukan ƙasa, wato kaurin kiɗan, sai ya murɗa sosai, gaskiya ya faɗa, don kunne ba ya kama kaurin sauti da kyau in murya na ƙasa. Ka ɗan ɗaga masa wannan kaɗai, ka bar sauran. Alamar aiki mai kyau ita ce direba da na gefensa su yi hira, waƙa na tafiya, babu mai ɗaga murya.

Za ka so in ce daga safiyar nan na shiryu. Mako ɗaya na yi.

A cikin watannin nan ne saƙon Inna ya zo, mahaifiyata, kakarka da ba ka yi wayo da ita ba. Tana Zariya, ƙafa ta hana ta zuwa sunanka. Ba ta yi boko ba, waya kuma ba ta yawaita ba a lokacin, don haka ta yi yadda ake yi: ta sa aka kawo mata rikoda, ta yi magana a kaset, aka naɗe shi a takarda aka ba wani direba ya kawo mini tashar Jabi. Na karɓa, na sa a mota, na kama hanyar Nyanya. Ta gaishe ni, ta gaida mai jego, ta lissafo mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, ta ce a riƙa ba Ummanka kunun kanwa da zafinsa. Duk na ji wannan, don da ƙarfi take yi, kamar yadda tsofaffi ke yi wa na'ura magana. Can wajen ƙarshe sai muryarta ta sauka. Ko gajiya ta yi, ko ta manta da rikodar ta koma magana irin ta ɗaki, ban sani ba. Wata tirela na gefena tana huci. Na ce a raina, bari sai na sami wuri shiru in saurari wannan da kyau. Na zare kaset ɗin na jefa a aljihun mota.

Ban sami wuri shirun ba. Gaskiya ban nema ba. Inna na nan, Zariya na nan, kunne na nan. Me ake sauri?

Bayan shekaru Allah ya karɓi abarsa, Inna ta rasu. Muka gina nan Jiwa muka dawo. Wata rana da azahar, damina ta yi nisa, na fita bayan gida na tsaya a bakin gonar Malam Audu maƙwabcinmu. Dawa ta yi tsawo, iska na bi ta cikinta a hankali, gajimare na tafiya kamar ba su da inda za su. Sai na ji gyare na kuka, siriri, ba yankewa. Na ce, "Malam Audu, gyaren gonarka ba su san rana ba? Tun ɗazu suke yi."

Ya dakata da fartanya, ya karkata kai ya saurara. Ya ce, "Wane gyare, Malam? Ni dai kurciya nake ji."

Ni kuma ba na jin kurciyar.

Na shiga ɗaki, gyaren ya bi ni. Na je masallaci, yana nan. Yau shekara nawa, ina rubuta maka wannan takarda yana yi. Da na je asibiti, likita ya sa ni a wani ɗan ɗaki, ya sa mini abin saurare, ya ce in na ji ƙara in ɗaga hannu. Na zauna ina jira a fara, ashe an daɗe da farawa. Ya duba takardar ya ce, "Malam, a ina ka yi aiki? Injin niƙa?" Na ce makaranta. Ya ce, "Ta maƙera?" Muka yi dariya, sannan ya gaya mini abin da na riga na sani daga littafi. A can cikin kunne akwai wasu 'yan gashi ƙanana, su ke karɓar sauti. Kamar ciyawa suke. Ka taka ciyawa sau ɗaya, gobe ta miƙe. Ka yi ta takawa kullum, sai ta zama irin 'yar hanyar nan da ta ratsa gonar Malam Audu, wadda ko damina ba ta sa ta tsiro. Na siririn sauti su suka fara tafiya, a kunnen hagu ya fi. Shi ya sa Ummanka ke zama a damana. Ka sha gani, ƙila ba ka taɓa tambayar dalili ba.

Ranar da na dawo daga asibitin na nemo kaset ɗin Inna. Na shiga mota a tsakar gida, na rufe gilasai. Ga shirun da na yi alkawari, ya zo a makare. Na ji gaisuwarta, na ji kunun kanwa. Sai muryar ta sauka. Abba, ina jin tana magana, kamar mutum a bayan katanga. Ina jin hawa da saukar muryar, na san inda ta yi murmushi. Amma kalmomin ba su fita. Na murɗa. Na daɗa abin da na san ya kai desibel goma, na daɗa wani goman. Katangar ce kawai ta ƙara kauri, kunnen ya fara zafi, kalma ko ɗaya ba ta fito ba. Na iya lissafin wat nawa ake bukata a ninka ƙara, amma babu adadin wat ɗin da zai dawo da abin da babu mai karɓarsa. Na'urar da nake sawa a kunne yanzu tana taimakona a hira, amma shuuu ɗin tsohon kaset take ɗagawa tare da muryar.

Kalma ɗaya na kama, don ta maimaita ta sau uku kuma na san yadda take jan ta: "mijina." Haka take kiranka da wasa irin na kaka da jika, tun ranar da aka gaya mata sunan da aka sa maka. Wato ƙarshen kaset ɗin nan ba ni take yi wa magana ba. Kai take yi wa.

Ummanka ta sha cewa in kawo ta saurara mini. Na ƙi. Na ce wa kaina sai na fara ji da kunnena sannan in ba ka, na yi ta ajiya ina jiran abin da likita ya riga ya ce ba zai zo ba. Wannan ne kuskurena na ƙarshe da zan faɗa maka, kuma ka yafe mini shi. Na riƙe maka saƙo fiye da shekara ashirin.

Kaset ɗin na ƙarƙashin wannan takarda, a naɗe cikin hankici. Na sa an juye shi a memori, yana tare da shi, don kada tsohon zaren ya tsinke.

Ga roƙona. Kada ka saurare shi ranar da ka yi aiki. Ka bari sai ka huta wuni guda, kukan kunnen nan ya kwanta. In bai kwanta ba, ka je a auna maka ji a makon nan, kada ka ce sai gobe. Ko ya kwanta ma ka je. Sannan wata safiya ka sami motar da ka haɗa da hannunka, wadda ka yi wa aiki mai tsabta, ka kai ta bakin tafkin Jabi kafin gari ya tashi. Ka kashe inji. Ka sa murya ƙasa, daidai yadda tsohuwa ke magana da jariri. In akwai tsuntsaye a ciyawa, ka saurare su su ma, ka gaishe mini da su.

In ka ji abin da ta ce, kada ka turo mini a waya, kada ka rubuta. Ka zo gida ranar Juma'a. Ka zauna a damana, ka bari ina ganin bakinka, ka faɗa mini a hankali, da irin muryar da ta faɗa.

Allah ya yi maka albarka, Abba. Ya sa albarka a hannunka da shagonka, ya haɗa ka da mutanen kirki, ya kare ka a hanyar nan shiga da fita. Allah ya tsare maka jinka da ganinka har tsufa, ka ji muryar 'ya'yanka da ta jikokinka ko da raɗa suka yi. Allah ya jiƙan Inna, ya kai haske kabarinta. Ummanka na gaishe ka, ta ce dambun ba na rabawa ba ne.

Ina jiran Juma'a.

Wassalam,
Mahaifinka.